Daga Sakaina zuwa Bola-jari: Tsofaffin Kayan Gida a Rayuwar Bahaushe da Giɓin da Ke Cikin Nazarinsu

A gidan Bahaushe na gargajiya ƙwarya ba ta mutuwa rana ɗaya. Idan ta tsage, uwargida kan jingine ta har ranar da gyartai zai ratso unguwa ya ɗinke ta, ta koma bakin aiki. In ba ta riƙe nono ba, ta riƙe tsaba. Idan kuwa ta fashe yadda ɗinki ba zai yi mata magani ba, sai ta sauya suna ta zama sakaina, a riƙa kwashe toka da ita, ko a zuba wa kaji tsaki a ciki. Sai ta gama wannan zagaye sannan ta isa juji. Can ma ruɓewa za ta yi ta zama taki, jaki ya kai ta gona, wataƙila gonar da za a shuka wani duman.

A 'yan shekarun nan batun sake sarrafa shara ya zama ruwan dare a tarurrukan ƙara wa juna sani da shirye-shiryen rediyo da manufofin gwamnatoci. Sau da yawa akan gabatar da shi ga Hausawa tamkar sabon darasi da aka ɗauko daga Turai, wanda sai an wayar wa jama'a da kai kafin su gane shi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan fahimta ta saɓa wa tarihi. Sauya wa tsohon abu aiki daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa, tana da kalmominta da gwanayenta da kasuwanninta, kuma har gobe jama'a masu ɗimbin yawa na cin abinci da ita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nazari. Fagen nazarin al'adun Hausawa ya tsayar da jerin sana'o'in gargajiya a inda zuwan Turawa ya same shi, ya bar maƙerin gwangwani da mai yankan taya da ɗan bola-jari a waje. Illar wannan sakaci ta wuce ɗakin karatu, domin ta shafi abincin mutane da lafiyarsu, ta kuma shafi wani sashe na harshe da ke salwanta ba tare da an rubuta shi ba.

Shaidar Harshe

Hujja ta farko tana cikin harshen kansa. Al'umma ba ta raɗa wa abu suna sai tana da hulɗa da shi, kuma Hausa ta tanadi suna na musamman ga kusan duk abin da ya saura bayan an ci moriyar farko. Fasasshiyar ƙwarya sakaina ce, fasasshiyar tukunya tsingaro ne, tufar da ta ƙare tsumma ne. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda ya kama a gindin tukunya ya zama ƙanzo. Daga damin gero ɗaya ana samun ƙaiƙayi wajen sheƙa, dusa wajen surfe, ƙasari wajen wanki, tsaki wajen tankaɗe. Gyaɗar da aka matse wa mai ta zama tunkuza. Mai duba ƙamusun Bargery na 1934 zai yi ta cin karo da irin waɗannan kalmomi, wato sun riga duk wata manufar muhalli ta zamani zama a bakin mutane.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin shara. Kowace kalma tana nuni ne ga sabon aiki. Ƙanzo a shanya shi a yi kwaɗo, ƙasari da dusa rabon dabbobi ne, tunkuza a murza ta a toya ƙuliƙuli, toka a tace ruwanta a sa a miya ko a haɗa sabulu. Tsingaro a ɗebo garwashi da shi daga maƙwabta. Tsumma kuwa ya zama gammo, ko cikon matashi, ko abin sauke tukunya, ko ƙwallon yara. Karin magana ma ya nuna inda hankalin al'umma ya karkata. Idan Bahaushe ya ce an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, zargi yake yi, domin a wurinsa yar da abin da ya gama yi wa mutum hidima alama ce ta butulci. Koyarwar addini da ta yi hani ga almubazzaranci ta ƙara wa wannan ɗabi'a gindin zama.

Tsarin bai tsaya a tsakar gida ba. Sana'o'i ma suna ciyar da juna da ragowarsu. Katsin da ke kwanciya a ƙasan karofi akan kwashe shi a ƙona, magina su haɗa shi da gashin dabbobi da dafara su sami laso, wanda ke hana ruwa ratsa bango da soro. Ɓawon ɗorawa ya zama makuba ta daɓe da yaɓe. Sharar birni kuwa gona take komawa. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka gudanar a kewayen Kano tun shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shigo da itace birni su koma da taki, abin da ya taimaka wa gonakin yankin suka jure noma shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Zuwan Gwangwani da Ganga da Taya

Zamanin mulkin mallaka ya zo da kayan da ƙasar Hausa ba ta saba da su ba: gwangwanin kananzir, gangar mai, langa-langar ɗaure kaya, kwalba, tayar mota. Masu sana'a ba su tsaya kallo ba. Narkar da tama, wanda aiki ne mai cin itace da ƙarfi, ya yi ta ja da baya yayin da tsohon ƙarfe ya wadata, maƙera suka koma ƙera wuƙa da gatari da adda daga sifirin mota. Littafin Philip Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano yana cikin ayyuka ƙalilan da suka dubi wannan sauyi da idon basira, inda ya bi sawun yadda tsohuwar sana'a ta karɓi sababbin kaya da sababbin kasuwanni a ƙarni na 20.

Daga nan aka sami zuri'ar kayan gida da kusan duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sani. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal da mazurari. Gangar mai aka fasa ta aka buge, ta zama ƙyauren ƙofa da adaka da kaskon suyar ƙosai da kurfoti. Tayar mota ta zama takalmin da makiyayi da manomi ke shiga ƙaya da shi, tif ɗinta kuma ya maye gurbin fata wajen ɗinka guga, ragowarsa a yanka siri-siri a ɗaure kaya a bayan keke. Buhun da aka zazzage aka farke shi aka haɗa da 'yan'uwansa, ya zama shimfiɗar shanya hatsi. Masu zubi kuma suka tattara tsofaffin tukwane da gwangwanayen lemo da sassan inji na alminiyam, suka narka, suka zuba a mazubin yashi, suka fitar da manyan tukwanen biki da ludaya da matsami. Masana sun tabbatar da cewa narka tsohon alminiyam na cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini. Mai zubin da ke bakin kasuwa ya isa ga wannan lissafi ta hanyar aljihunsa.

Harshe ma ya bi sawu. Gwangwani da kwalba da galan da jarka sun tashi daga sunayen mazubi sun zama ma'aunai: gwangwanin gyaɗa, kwalbar man ja, galan na fetur. Wasannin yara sun nuna irin wannan ci gaba, inda motar kara ta haifi motar gwangwani mai tayoyin tsohon silifa, tsohuwar tayar keke kuma ta zama abin garawa a lungu. Sana'ar ta yi kasuwanninta, irin su Panteka a Kaduna da Katako a Yamai, inda ƙarar guduma ba ta yankewa daga safe zuwa yamma. A cikin gidaje kuma dillaliya na ɗaukar tsofaffin kwanoni da zannuwa daga ɗakin da aka gaji da su zuwa ɗakin da ake marmarinsu.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya cewa sana'ar gargajiya ita ce wadda aka gada kafin zuwan Turawa, don haka mai ƙera aci-balbal ba shi da gurbi kusa da maƙeri da masaƙi da majemi. Wannan ma'auni ba ya tsayawa da ƙafarsa. Maƙerin da ake kai ɗalibai su gani a yau da tsohon ƙarfen mota yake aiki, marini na amfani da shuni na kanti, maɗinkin babbar riga kuma a kan shaddar da aka shigo da ita yake zuba aska. Ba a taɓa cire su daga jerin ba saboda kayan aikinsu sun sauya. Abin da ke mayar da sana'a ta gargajiya shi ne gadonta daga hannu zuwa hannu, da kalmominta, da matsayinta a rayuwar al'umma, kuma ƙirar gwangwani ta cika waɗannan sharuɗɗa tun zamanin kakanni.

Inda Zaren Ya Tsinke

Leda ce ta zo da abin da tsohon tsari bai iya haɗiyewa ba. Tun daga shekarun 1990, lokacin da ruwan leda ya bazu a birane da ƙauyuka, aka shiga zamanin abin da ake amfani da shi na minti biyar a yar, ya kuma ƙi ruɓewa. Ba banza ba Hausa ba ta raɗa wa tsohuwar leda wani suna ba. Leda ce tana sabuwa, leda ce tana kan juji, domin ba ta da aiki na biyu da ya zama ruwan dare har ya cancanci suna.

Ɓarnarta ta bi duk hanyoyin da ragowa ke bi a da. Ta shiga taki, manomi ya koma tsince ta kafin ya watsa, abin da ya tsere masa kuma ya hana ruwa ratsa ƙasa. Ta shiga cikin tumaki da shanu, mahauta suna tarar da ita dunƙule a tumbi. Ta toshe magudanai, ruwan damina ya koma gidaje. Ta shiga madafa, ana hura wuta da ita, ana ƙulla koko da alala mai zafi a cikinta. Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin doka: Ruwanda a 2008, Jamhuriyar Nijar a 2014, Kenya a 2017, sannan Jihar Legas ta haramta mazuban abinci na soso a 2024. Sai dai duk wanda ya ratsa kasuwannin Maraɗi ko Damagaram ya san doka a takarda ba ta share leda daga kan ƙaya.

An yi yunƙuri masu ban sha'awa. Mata na tufka igiya da saƙa jakunkuna da leda da zaren buhu, kuma a 2011 an gina gida da gorunan roba cike da yashi a Yelwa da ke Jihar Kaduna. Waɗannan dabaru sun cancanci yabo, amma yawan ledar da ke fita daga shaguna a kullum ya fi ƙarfin allura da kwarashi. A nan maganin yana ga rage ta tun daga tushe, kuma al'ada na da abin bayarwa: kwando da kwano da faifai da ganyen ƙulla abinci ba su daɗe da barin hannun mutane ba.

Masu Sana'ar da Ake Ƙyama

Kalmar bola-jari kanta ta isa abin nazari. Harɗaɗɗen suna ne da ya haɗa wuri mafi ƙasƙanci da abu mafi daraja a kasuwanci, ya taƙaita hikimar sana'ar a kalmomi biyu. Duk da haka, masu ita, da 'yan gwangwan da ke bin lunguna da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa da robobi, suna cikin waɗanda aka fi kallo da idon tuhuma. A 2023 gwamnatin Jihar Borno ta haramta tsintar ƙarafa saboda dalilan tsaro, a farkon 2025 kuma hukumomin Abuja suka hana yawon bola-jari a cikin birni, suka dakatar da kasuwannin panteka na wani ɗan lokaci.

Ba adalci ba ne a ce waɗannan matakai ba su da dalili. Ana sace wayoyin lantarki da murafan magudanai da ƙarafan gadoji, kuma kayan na ƙarewa ne a kan sikelin masu saye. Iyaye mata da yawa sun nemi tukunya sun rasa, daga baya ta bayyana yaro ne ya kai wa ɗan gwangwan. Akwai kuma yara ƙanana da ke yini a kan juji a lokacin da ya kamata su kasance a makaranta. Amma haramci na bai-ɗaya yana rufe hanya mafi girma da ake da ita ta raba ƙarfe da roba daga shara, tun da hukumomin tsafta a galibin garuruwa kwashewa suke yi su jibge, ba sa tantancewa. Yana kuma hukunta mai gaskiya da laifin ɓarawo. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yadda ake tsara sana'a ta hannun shugabanninta, irin su sarkin maƙera da sarkin fawa da sarkin kasuwa, waɗanda suka san nasu kuma ake tuhumarsu idan ɓarna ta auku. Rajista da shugabanci irin wannan, tare da hana sayen kaya daga hannun yara da hana karɓar kayan gwamnati, sun fi kusa da magance matsalar. Mahukunta ba za su ga wannan hanya ba idan manazarta ba su bayyana musu yadda sana'ar ke gudana ba, daga mai tsinta zuwa mai sikeli zuwa dila zuwa masana'anta.

Iyakar Yabo

Kare martabar sana'a ba ya nufin rufe ido ga haɗarinta. Tsohuwar ƙa'idar cewa kowane mazubi na da aiki na biyu ta ginu ne a kan ƙwarya da yumɓu da fata, kuma tana iya kisa idan aka ɗora ta a kan kayan zamani ba tare da tantancewa ba. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen alminiyam na zubi a ƙasar Kamaru ya gano cewa da yawansu na sakin dalma yayin girki, saboda tarkacen da ake narkawa na haɗawa da sassan inji da makamantansu. Arewacin Nijeriya ya san abin da gubar dalma ke yi tun annobar Zamfara ta 2010, wadda ta hallaka yara fiye da 400, ko da yake tushen waccan haƙar zinariya ne. Jarkar maganin ƙwari da aka ɗauraye aka mayar ta ruwan sha, da gorar da aka tsinto daga bola aka ɗura zoɓo, da babbakar dabba da tsohuwar taya, da ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, duk misalai ne na dabarar da ta zarce iyakarta.

A nan ma akwai aikin masanin harshe. Gargaɗin da aka rubuta da Ingilishi, ko aka fassara da Hausar da ba a ji a maƙera, ba ya isa kunnen mai zubi. Wanda ya san sunayen da masu sana'a ke kiran nau'o'in tarkace da su shi ne zai iya gaya musu wanne ya dace da tukunya, wanne kuma bai kamata ya wuce ƙirar murhu ba.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Manazarta

Aiki na farko shi ne tattara kalmomi tun masu su na raye. Gyartai ya yi wuyar gani a birane, kuma duk ranar da na ƙarshe a gari ya kwanta dama, sunayen kayan aikinsa da salon ɗinkinsa da kirarinsa sun bi shi. Haka kalmomin 'yan panteka da masu zubi ke buƙatar a rubuta su, a kwatanta yadda ake faɗarsu a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da zangunan Gana. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006 babban tushe ne, amma sana'ar ta haifi kalmomi da yawa a bayansa.

Na biyu shi ne gyara manhaja, ta yadda darasin sana'o'in Hausawa zai ƙunshi ƙirar gwangwani da zubin alminiyam da aikin taya da dillanci da bola-jari, a kuma ƙarfafa wa ɗalibai gwiwar ɗaukar su a matsayin batun kundin digiri, maimakon maimaita bayanin saƙa da jima da aka riga aka yi sau da dama. Na uku shi ne tsabtace fassara. Jimlar sake sarrafawa da kafafen yaɗa labarai ke amfani da ita tana cakuɗa ayyuka uku da Bahaushe ya bambance: gyara, kamar ɗinkin ƙwarya da mahon riga, sauya aiki, kamar mayar da tif guga, da narkarwa, kamar zubin tukunya. Kowanne yana da nasa amfani da nasa haɗari, kuma manufar da ba ta bambance su ba za ta yi wa wani rashin adalci. Na huɗu shi ne haɗa hannu da sassan kimiyyar sinadarai da kiwon lafiyar al'umma, domin su suna da ɗakin gwaji, masu nazarin Hausa kuma suna da hanyar shiga maƙera da tsakar gida.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ilimin da ya mayar da katsi laso, ya mayar da ganga adaka, yana nan a hannun mutanen da ba a gayyata zuwa tarurrukan muhalli, kuma da yawansu na fuskantar kora daga titunan da suke tsabtacewa. Leda da dalma sun nuna cewa wannan ilimi na buƙatar gyara da ƙari, gyara kuwa ba ya yiwuwa ga abin da ba a rubuta ba balle a fahimta. Jami'o'in da ke koyar da Hausa suna kewaye da maƙera da 'yan sikeli da dillalai, wasu ma a bakin ƙofarsu suke. Tazarar da ke tsakanin ɗakin lacca da rumfar mai zubi ba ta kai tafiyar yini ba, kuma manazarci ne ya kamata ya fara takawa.